Turancin ɗan Chana: yadda ya koye shi, da inda yake cin kuɗin ɗan kasuwa

A unguwar Xiaobei da ke Guangzhou, ko a babbar kasuwar Yiwu mai shaguna wajen 75,000, kullum ana ƙulla cinikin miliyoyi tsakanin mutum biyu da babu ɗayansu da ya sha harshen cinikin a nono. Bahaushe ya taso daga Kumasi, Yamai, Duwala ko Injamena da Turancin da ya tsinta a tasha da boda da kasuwa. Mai shago kuma tana da nata Turancin, wanda ta haddace a makaranta ta ƙarasa a bakin kanta. Kalkuleta na tsakiya, kowa ya danna ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Idan 'yan kasuwarmu suka dawo, abin da aka fi ji a majalisa shi ne, "Ai mutanen nan ba su iya Turanci ba." To, wannan magana ba ta taɓa dawo wa kowa da kuɗinsa ba. Abin da zai amfane mu shi ne mu san cewa Turancin Sinawa yana da tsari. Kurakuransa daga harshensu suke fitowa, kuma kusan iri ɗaya ne daga shago zuwa shago, daga Guangzhou har shagon ɗan Chana da ke Kantin Kwari ko Lome. Wanda ya san inda harshensu yake tuntuɓe, ya san inda zai tsaya ya sake tambaya kafin ya tura kuɗi.

Ba yau aka fara ba

Daga 1757 zuwa 1842, Guangzhou, wadda Turawa ke kira Kanton, ita kaɗai ce tashar da sarakunan Sin suka yarda jiragen Turawa su yi ciniki a cikinta. An keɓe musu wuri a bakin kogi da ake kira Shisanhang, kuma har yau wurin kasuwa ne, masu sarin tufafi sun san shi. A wancan zamani an hana koya wa baƙi Sinanci, don haka sai 'yan gari suka ɗauki kalmomin Turanci suka ɗora su a kan ginin harshensu. Har ƙananan littattafai aka riƙa sayarwa masu kalmomi ɗari huɗu ko ƙasa da haka, an rubuta sautin Turancin da rubutun Sinanci, kamar yadda malamanmu ke rubuta baƙuwar kalma da ajami.

Da waɗannan 'yan kalmomi aka yi cinikin ganyen shayi da alharini shekara da shekaru. Yawancin masana harshe suna ganin kalmar "pidgin" ma, wadda ake kiran Broka da ita, daga yadda 'yan Kanton ke furta "business" ta samo asali. Ka ga ke nan Turancin kasuwa da muke ji yau jika ne, yana da kakanni.

Yadda suke koyo

Tun 2001 hukumar ilimin Sin ta tsara a fara koyar da Turanci daga aji uku na firamare. Yaro zai yi ta fama da shi har jarrabawar shiga jami'a, wadda suke kira gaokao, inda harshen waje ke da maki 150, daidai da lissafi da Sinanci. A 2024 sama da mutum miliyan 13 suka yi rajistar wannan jarrabawa. Ana sa ran ɗalibi ya san kalmomi 3,000 zuwa 3,500, idan ya shiga jami'a kuma ga wata jarrabawar, CET-4, wadda aka fara a 1987, mai neman kalmomi sama da 4,000.

Hanyar koyon ita ce hadda. Jerin kalmomi ne, wannan ta Turanci, wannan ma'anarta, a yi ta bita da asuba kamar almajiri da allonsa. Yanzu manhajojin waya irin su Baicizhan sun karɓi aikin, amma haddar dai ita ce. Sakamakon shi ne mutum ya iya karantawa da rubutawa, amma baki da kunne su rage a baya. Su da kansu suna da suna ga wannan, "Turancin bebe".

Waɗanda suka fi iya magana galibi a waje da aji suka samu. Ma Yun, wanda duniya ta sani da Jack Ma, ya koyi nasa ne yana yaro ta hanyar zagayawa da baƙi 'yan yawon buɗe ido a garinsu Hangzhou, ya zama malamin Turanci kafin ya kafa Alibaba a 1999. Haka masu shaguna da yawa, daga bakin kwastomomi suka ɗauka. Shi ya sa za ka ji 'yar shago a Guangzhou tana jefa "wahala" ko "inshallah" cikin magana.

Darasi na farko a nan yake: abin da ɗan Chana bai gane ba da ka faɗa, sau da yawa zai gane idan ka rubuta. Idonsa ya fi kunnensa sanin Turanci.

Baki ba ya barin gida

A Mandarin, babban harshen ƙasar, gaɓa tana ƙarewa ne da wasali ko da sautin "n" ko "ng". Ba sa haɗa baƙaƙe biyu ko uku a jere. Idan kalmar Turanci ta zo da su, sai a cusa wasali ko a yar da ƙarshen. "Black" ta koma "bulaka", "price" ta koma "puraisi", "sample" ta koma "sampo". Bai kamata wannan ya ba Bahaushe dariya ba, mu da muka mai da "bread" burodi, "bucket" bokiti, "screwdriver" sukurudireba. Su ma haka suka mai da "bus" bashi, "sofa" shafa, "coffee" kafei.

Ba su da sautin "th", sai su sa "s", don haka "three" ta zama "siri", "thirty" ta zama "sati". Ba su da "v", sai su sa "w". Mutanen kudu da yawa suna cakuɗa "l" da "n", ka rasa ko "light" ake nufi ko "night". Doguwa da gajeruwar wasali ma suna haɗewa, "ship" da "sheep" su fito ɗaya.

Mu ma da namu. Bakin Bahaushe ba ya damuwa da bambancin "p" da "f". A gida babu laifi, amma a shagon kayan gida "fan" fanka ce, "pan" kuwa kaskon suya. "Copy" da "coffee" a bakinmu kusan abu ɗaya ne, haka "full" da "pull". Idan kunnen da bai saba ba ya haɗu da bakin da ke musanya haruffa, sai Allah. Maganin mai sauƙi ne: nuna hoto, rubuta lambar samfur, kada ka dogara da sunan kaya a baki.

Mafi haɗari su ne lambobi. "Thirteen" da "thirty", "fifteen" da "fifty", bambancinsu a ƙarshe yake, ƙarshen kuma shi ne wurin da ɗan Chana ke haɗiyewa. Tsakanin 15 da 50 a kan kowane kwali, a kwali ɗari biyar, ai ka san ba wasa ba ne.

Na aika, ko zan aika?

Aikatau a Sinanci ba ya canzawa don lokaci. Kalmar da za a ce "na tafi" da ita, da ita za a ce "zan tafi", sai dai a ƙara jiya ko gobe. Shi ya sa saƙo zai shigo wayarka, "I send your goods." Alhaji ya karanta ya ce alhamdu lillahi, an ɗora kaya. Mai yiwuwa kuwa abin da ake nufi shi ne za a ɗora. Kalmar da suke amfani da ita don abin da ya riga ya faru ita ce "already", wani lokaci "finish". Idan ba ka ga ɗayansu ba, ka tambaya, "Already? What date?" sannan ka nemi hoton takardar ɗora kaya.

A bakinsu "shi" da "ita" kalma ɗaya ce, "ta". Mu "ta" mace ce kawai, su kuwa namiji da mace da kwali duk "ta" ne. Don haka idan aka ce maka "she will come to your hotel" sai ka ga ƙato ya shigo, ba damfara ba ce. Amma a maganar kuɗi, kada ka yarda da "give him" ko "give her". A faɗi suna.

Jam'i ma ba ya sauya musu kalma, shi ya sa "ten carton" da "two container". Sun saba kuma da sa kalmar awo tsakanin lamba da abu, wannan ya sa komai "piece" ne a wurinsu. Nan ake shan wuya. "Piece" ɗaya na takalmi ƙafa biyu ne? "Set" na tukwane guda nawa ne? Farashin na "dozen" ne ko na ɗaya? Ga masu atamfa da shadda da leshi kuwa, yadi ko mita? Yadi 100 bai wuce mita 91 da 'yan kai ba. Mu a yadi muke sayarwa, su masana'antunsu sun fi sabawa da mita. A rubuta kalmar awon a gefen kowace lamba.

Sai maganar e da a'a. Idan ka tambayi Bahaushe "Ba ka zo ba?" zai ce "E, ban zo ba." Ɗan Chana ma haka yake amsawa a harshensa. Bature kuwa "no" zai ce. To idan ka rubuta "You don't have blue?" aka amsa "yes", wace amsa ce, ta Sinanci ko ta littafi? Babu mai sani. Ka bar tambaya mai korewa gaba ɗaya. Ka ce "Blue, have or no have?" Haka su ma suke gina tambaya a harshensu, kuma amsar ba ta da fuska biyu.

Akwai wasu kalmomin da a harshensu ɗaya ne, a Turanci biyu. Kunna fitila da buɗe ƙofa kalma ɗaya ce, shi ya sa "open the light", "close the machine". Ara da arawa ma ɗaya ce, sai "borrow" da "lend" su rikice. Suna kuma ninka kalma don sassautawa: "look look", "try try", "can can".

Lissafin da ke karya jari

Mu da Turawa muna tara manyan lambobi a dubu-dubu. Sinawa suna tarawa a dubu goma-goma, suna kiran dubu goma "wan". A kansu, 100,000 "wan goma" ce, miliyan ɗaya kuma "wan ɗari". Duk lokacin da ɗan Chana zai faɗi babban adadi da Turanci, sai ya juya shi a kai tukuna, kuma a juyin ne sifili ke ɓacewa ko ya ƙaru. Ana iya ce maka "ten thousand" alhali dubu ɗari ake nufi.

Ɗan Nijar ba zai ga baƙon abu a nan ba, shi da ke cewa dala ashirin yana nufin sefa 100, jika ɗaya yana nufin sefa 1,000. Haka 'yan'uwanmu na Gana, tun da aka cire sifili huɗu daga sidi a 2007 har yau akwai masu cewa "miliyan ɗaya" a kan sidi 100. Kowa da lissafin gidansu. Waɗanda suka yi karatun Faransanci kuma su kula da waƙafi da ɗigo: a takardar ɗan Chana 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ce, 1.5 kuma ɗaya da rabi, akasin yadda aka koya muku.

Ragi ma a juye suke faɗinsa. Mu mukan faɗi abin da aka rage, su kuma abin da za ka biya. Abin da suke kira "zhe takwas" yana nufin ka biya kashi 80 cikin ɗari, wato an rage maka kashi 20. Mai shagon da ya fassara wannan kai tsaye zai rubuta "80% discount", Hajiya ta ɗauka ta tsinci dami a kala. Idan aka yi maganar ragi, a danna farashin ƙarshe a kalkuleta.

A awon nauyi akwai "jin", wanda rabin kilo ne, giram 500. A kasuwar cikin gida da shi suke magana. Idan farashin kilo ya zo maka da arha mai ban mamaki, tambayi ko na "jin" ne. Kuɗi kuma, ɗari kawai ba magana ba ce. RMB ne, wato yuan, ko dalar Amurka? A rubuta.

Hatta yatsu suna da nasu harshen. Da hannu ɗaya suke ƙirga har goma. Babban yatsa da ɗan ƙarami a miƙe shida ne. Babban yatsa da manuni a buɗe kamar bindiga takwas ne, baƙo kuwa sai ya karanta biyu.

Kwanan wata daga shekara suke farawa, sai wata, sai rana. Idan ka ga 3/4, to 4 ga Maris ne, ba 3 ga Afrilu ba. Watanninsu da ranakunsu lambobi ne, wata na ɗaya, wata na biyu. Ranakun mako daga Litinin suke fara ƙirgawa, don haka wanda ya ce maka "week three" yana iya nufin Laraba, ba mako uku ba. Namu sunayen ma yawancinsu lambobin Larabci ne, sai dai daga Lahadi muka fara, shi ya sa ta ukunmu Talata ce, tasu Laraba.

Kalmomi masu laushi

Sinawa suna da abin da suke kira "mianzi", fuska, wanda ya yi kusa da mutunci da kara a wurinmu. Cewa "a'a" ƙiri-ƙiri ga baƙo nauyi ne gare su, kamar yadda Bahaushe zai ce "sai na duba" ko "ba komai" alhali da komai. Wannan ɗabi'a tana bin su cikin Turanci.

"No problem" sau da yawa tana nufin na ji ka, muna son cinikin. Ba alkawari ba ce. "Maybe" da "a little difficult" da "not convenient" galibi a'a ce cikin ladabi. "Should be OK" tana nufin mai maganar bai tabbatar ba. "Wait a moment" da "soon" ba su da agogo. Wadda ta fi kowacce cin kuɗi ita ce "same same" ko "almost same", fassarar kalmarsu "chabuduo", wato bambancin ba yawa. A wurin mai masana'anta, shuɗi mai ɗan duhu da shuɗi mai ɗan haske "chabuduo" ne. A wurin matar da za ta yi ankon biki a Zongo, kala biyu ne, kuma ba za ta saya ba.

Haka kalmomin inganci. "Original", "good quality", "A quality", "AAA" babu hukumar da ta auna su, kowane shago da nasa. "Leather" tana iya zama fatar roba da suke kira PU. "Cotton" tana iya zama gauraye da roba. A nan Turanci ba shi da amfani, samfur ne shaida. A yanka shi biyu, kowa ya sa hannu ya riƙe rabi.

Ko a cin abinci akwai abin lura. Kalmar nama a Sinanci, "rou", idan ba a faɗi dabbar ba, alade ake nufi. "No meat" kuma ba ta hana a soya ganye da kitsensa. Gara mutum ya haddace kalmar "qingzhen", wadda ake furtawa kamar "cing-jan", ya kuma gane rubutunta, 清真, a ƙofar gidajen abincin Musulmi.

Kafin alƙalami iri biyu

Wannan ya kamata kowane mai oda ya sani. Sinanci yana da kalmomi biyu da ake furtawa iri ɗaya, "dingjin", kuma dukansu da Turanci "deposit" ake rubutawa. Ɗaya ita ce 定金, ɗaya kuma 订金. Harafin farko ne ya raba su.

Ta farkon tana da hukunci a dokar farar hula ta Sin, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2021. Idan mai saye ya fasa, kuɗinsa sun tafi. Idan mai sayarwa ne ya saɓa, zai biya ninki biyu. Dokar ta kuma ce wannan hukunci bai wuce kashi 20 cikin ɗari na jimillar cinikin ba. Ta biyun kuwa ana ɗaukarta a matsayin kuɗin gaba kawai, ba ta da wannan hukunci, galibi ana mayarwa idan ciniki ya rushe. Tunda a al'ada kashi 30 ake bayarwa kafin a fara aiki, ciko kuma kafin a ɗora kaya, ya dace ka dubi rasit ka ga wanne aka rubuta da Sinanci, ka kuma sa a rubuta abin da zai faru idan kaya suka makara.

Suna ma abin dubawa ne. Lily, Jack, Coco, Apple, sunaye ne da suke zaɓa a ajin Turanci ko don kwastoma. Ba su ne a katin shaida ba. Sunansu na gaskiya da sunan dangi yake farawa. "My friend", "boss", "brother", har "dear" da ke sa wasu matan gida ɗaga gira idan sun gani a wayar maigida, duk kalmomin ciniki ne. "Dear" ɗin daga al'adar masu sayarwa a Taobao ta fito, kowa haka suke kiransa. Abin da za ka nema shi ne hoton lasisin kamfani, ka tabbatar sunan da ke kansa shi ne a kan asusun da za ka tura wa kuɗi.

Sai gajerun haruffan da suka fi mu haddacewa, domin da su suke ci. MOQ shi ne mafi ƙarancin adadin da za su yarda su yi maka. CTN kwali, PCS guda-guda, CBM girman wurin da kaya zai ci a kwantena. EXW farashin ƙofar masana'anta ne, FOB har a ɗora a jirgi a tasharsu, CIF har tasharka da inshora, Tema ce ko Kwatano ko Lome ko Duwala. CIF ba ta haɗa da kwastan da motar da za ta kai kaya Maraɗi ko Garwa ba.

Waya ta taimaka, amma ba ta da hankali

Yanzu yawancin magana a WeChat ake yi, kuma a ciki akwai fassara, ka danne saƙo ya juya maka. Da yawa daga masu amsa maka da Turanci mai kyau, na'ura ce ke rubuta musu, kai ma naka na'ura ce ke juya musu. Na'ura kuwa ba ta san Broka ba. "Abeg", "I dey come", "dash me", "how far" duk shirme za su fito a can. Karin magana da habaici ma haka.

Jimla ɗaya, magana ɗaya. Tambaya uku, saƙo uku, ko a sa musu lamba 1, 2, 3, domin idan ka haɗa su "yes" ɗaya za ka samu. Lambobi a rubuta su da adadi. A guji saƙon murya a kan farashi da adadi da rana. Duk abin da aka yanke a baki a shago, a sake rubuta shi a waya kafin a fita, a sa su maimaita da nasu hannun. Idan aka ce "OK" kawai, ka ce "Please write again: quantity, price, date."

Aikin 'yan gida

A gidajenmu da yawa, idan maigida yana hanya, uwargida ce ke riƙe da waya, ko yaron da ke sakandare a kira shi, "Zo ka karanta mini abin da ɗan Chanan nan ya ce." Yaron ya iya Turancin makaranta, sai ya zage ya rubuta doguwar wasiƙa da manyan kalmomi don Baba ya ga kuɗin makaranta ba su tafi a banza ba. A can kuma a kasa ganewa, a amsa "OK dear".

A nuna wa yaran cewa a wannan wuri ƙaramin Turanci ya fi babba. Su kuma fassara wa iyaye abin da aka rubuta kamar yadda yake, kada su gyara. Idan an rubuta "I send", kada yaro ya ce "an aiko", ya ce "Baba, bai faɗi ko ya aika ko zai aika ba." Wannan jimla ɗaya tana iya hana Alhaji karɓar kuɗin mutane a kan kayan da ko kwali ba a sa su ba.

Ba laifi a sayi ɗan littafi a ajiye kusa da na bashi, a riƙa rubuta kalmomin da ke maimaituwa a cinikin gidan, da abin da suka tabbata suna nufi a bakin kowane mai kaya. Ba za su wuce ɗari biyu ko uku ba. A ƙara da 'yan kalmomin Sinanci: "duoshao qian", nawa ne; "tai gui le", ya yi tsada; "meiyou", babu; "xiexie", na gode. Mutumin da ya shekara goma yana haddar harshen wani yakan sake fuska idan ya ji an gwada nasa. Sinawa ma ai sun gwada namu, gidan rediyonsu yana watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963.

A sa kalandarsu a bangon littafin. Baje kolin Kanton, wanda aka fara a 1957, sau biyu ake yi a shekara, Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba. Makon farko na Oktoba hutu ne. Sabuwar shekararsu tana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, masana'antu su rufe makonni, ma'aikata su tafi ƙauye. Duk wanda aka ce masa "after holiday" a watan Janairu, alhali yana harin kasuwar azumi da salla, to ya nemi a rubuta masa shekara da wata da rana tun kafin ya ba da kafin alƙalami.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kawo kaya lafiya.